Zanen Auta a Bangon Baƙi

Zuwa ga Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Albishirinka: ƙanenka mai zane ya ɗauki Auta yana zana ta. Kullum bayan makaranta takan hau ɗakinsa, ta zauna kan kujerar katako kusa da taga. Ka san tun da ruwan zafi ya ƙone mata kunci ba ta yarda a kalle ta ta hagu. Shi ya lallashe ta har ta janye mayafi, bayan ya rantse mana cewa zanen nata ne, ba zai fita daga gidan nan ba.

Na leƙa na gani. Fuskar kore ce, ido ɗaya ya hau bisa ɗaya, wuyan kamar na raƙumi. Na yi dariya har da hawaye, amma ita ta ce ta gane kanta. Tabon ya yi shi ja da ruwan zinariya. Jiya na same ta gaban madubi, kai a buɗe.

Ka kula da kanka.

Matarka,
Maman Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka yafe mini jinkiri, hannuna ne ya ƙi rubutu.

Zanen ya bar gida. Ƙanenka ya ce zai kai a sa masa firam, ashe baje kolin zane ya kai shi. Wata 'yar ajinsu Auta ce ta ga hoton zanen a takardar tallan baje kolin, a manne jikin shagon ɗinki, kafin a tashi makaranta kowa ya sani. Ta dawo ta shige ɗaki, mayafin ya koma inda yake.

Na ɗauke ta muka je, a zatona idan ya gan ta zai ji kunya ya sauke. Babban zaure ne mai farin bango da fitilu. Muna daga baya, yana tsakiyar baƙi yana ba su labari: wai yarinyar da ke cikin zanen marainiya ce da ya tsinta a titi, gobara ta cinye iyayenta. Wata mata har da share hawaye. Auta ta matse hannuna, ta tambaye ni a hankali ko don ita ce Baffa yake jin kunyar ya ce 'yar wansa ce.

Ya hango mu. Ya kau da kai, ya ci gaba da magana.

Da safen nan ya zo ƙofa yana ta sallama, wai mu fahimta, haka harkar take. Ina ji ban tashi ba. Da bakinsa ya binne mu, ni da kai, kuma matattu ba sa amsa sallama.

Ka dawo, 'yarka tana bukatar ganinka da rai.

Matarka,
Maman Auta