Yayana Ya Farfasa Rediyona, Ni Kuma Na Wasa Zago

Malam, ka taimake ni don Allah, kafin in aikata abin da zai kai ni gaban alƙali da jini a riga.

Ni masunci ne a Argungu, ina kuma taɓa noman shinkafa a fadama. Gida ɗaya muke, jirgi ɗaya muke su da yayana Illo, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Boma. Tun da ya dawo bai taɓa ba mu labarin yaƙin ba, sai labarin wasu mutane da ya gani can, masu aske kai ƙwal suna yafa rawayan mayafi, mabiya wani wai shi Buda. Wai ba su mallaki komai ba, kuma bai taɓa ganin fuska mai natsuwa irin tasu ba. Wai sun ce duk wahalar ɗan Adam daga kwaɗayi take. Yana salla, yana azumi, ban ce ya bar addini ba. Amma maganar nan ta hana mu sakat. Matata Sadatu ta sayi turare, ya tuttular a ƙasa. Na haƙura.

Bana da aka ce za mu karɓi mulkin kai, na rantse da kunnena zan ji. Na tafi Birnin Kebbi na karɓo rediyo bashi wurin wani ɗan kasuwa a Nasarawa, sai an yanke shinkafa in biya. Malam, tun da aka haife ni ban taɓa sayen abin da ba a ci ko a kama kifi da shi ba. Da la'asar na kunna a tsakar gida, maƙwabta suka cika, har Inna ta jawo tabarmarta. Yana ta shuuu da ƙara kafin tasha ta kama, sai ga Illo ya fito daga ɗaki sharkaf da gumi, ido jajur, ya fizgi taɓarya. Dukan farko a kan rediyo. Na kai hannu in kare, na biyu ya sauka a hannuna, na ji ƙas! Bai tsaya ba sai da ya mai da shi kaca-kaca, yana ihun kowa ya kwanta ƙasa. Washegari ko sannu babu, wai ya cece ni daga bautar kwaɗayi.

Yanzu ba rediyo, ga bashi, ga hannun hagu a ɗaure da karan ɗori, ko homa, ragar da muke kama kifi da ita, ba na iya ɗagawa. Na tsane shi, Malam. Na wasa zagon da muke sukar kada da shi, na jingine bayan ƙofa, duk sanda ya gifta idona na kan haƙarƙarinsa. Inna ta gani, ta daina cin abinci. Laifi ne talaka ya ji daɗi sau ɗaya? Kuma haka zan bar shi ya sha?

Mai Karyayyen Hannu, Argungu

*

Ɗan'uwa, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, tashi ka kai zagon gidan limaminku. Yau, ba gobe ba.

Yayanka ya zalunce ka, babu wani kwana-kwana. Mutanen da yake yabo, a iya abin da na karanta, nasu kayan suke rabuwa da shi, ba sa fasa na wani, balle ƙashinsa. Sun ma yarda magidanci ya ji daɗin abin da ya samu da guminsa, sai dai sun haɗa da cewa kwana ba bashi shi ma babban jin daɗi ne. A nan kai ma ka yi gaggawa. Son rediyo ba laifi ba ne, amma ka ci bashi a kan shinkafar da ambaliya ba ta gama shawara a kanta ba. Nan gaba, girbi tukuna, sannan kasuwa.

Sai dai ka sake duba abin da ka rubuto. Mai wa'azi a kan kwaɗayi ba ya ihun a kwanta ƙasa. Ina zaton ƙarar nan ce ta mayar da shi dajin Boma, kuma maganar masu rawayan mayafi ita ce kaɗai abin da ya iya kawowa gida daga can ba tare da ya firgita ba. Kunya ce ta sa washegari ya fake da ita. Ku nemi wani tsohon soja da suka je tare ya riƙa zama da shi, a kuma kai shi asibiti a Birnin Kebbi.

Haƙƙinka kuwa bai faɗi ba. Tara dattawan gidanku, a ɗora masa biyan rediyo da ɗori daga rabonsa na kifi, ya kuma ciyar da iyalinka har ka warke. Je wurin ɗan kasuwan da kanka ka nuna masa hannun, kada ka jira ya aiko.

In ka soki Illo, rana ɗaya Inna za ta rasa 'ya'ya biyu, ɗaya a kabari, ɗaya a kurkuku. Ka fitar da ƙarfen nan daga gidan, sannan ka kai mata tuwo da hannunka mai lafiya. Allah ya haɗa ƙashin, ya sanyaya zukatanku.