Kwalbar Baba ta Ƙarshe

Torino, 3 ga Nuwamba

Yaya Delfina,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyi, ya gwiwa? Na san ganin rubutuna zai sa ki lalubi jakarki. Kwantar da hankalinki, ba ciniki ya kawo ni ba.

Sankara ce a harshe. Ranar Alhamis ta sama likita zai yanke shi. Shekara arba'in ina dillancin giya da wannan tsoka, kin ga kuwa an kama ɓarawo ta inda ya dace.

Jar giyar Baba, Barolo ta 1971, kwalba ɗaya ta rage, tana wurinki. Zan zo Laraba. Ki dafa naman sa cikin jar giya yadda Mama ke yi, har cokali ya yanka shi, da tuwon masara, da tsohon cuku. Ki tsayar da kwalbar tun yau don giyar ta kwanta. Ina so ita ce abin da zan ɗanɗana na ƙarshe.

Ƙaninki,
Ettore

La Morra, 7 ga Nuwamba

Ettore,

Gwiwa da sauƙi. Allah ya ba ka lafiya.

Gidan nan ba za ka taka shi ba. Daga tagar kicin nake kallon gonar inabin da ka sayar wa baƙi Baba na kwance asibiti. Kullum da safe nake kallonta.

Kwalbar kam ta ubanka ce kai ma. Na ba direban motar kaya, zai kawo maka Laraba.

Delfina

Torino, 9 ga Nuwamba

Yaya,

Ta iso, na gode. Kai, kin iya! Tsohuwar giya a bayan motar kaya, ta sha gargada tun daga tudun La Morra? Na ɗaga ta a fitila, ta gurɓace kamar ruwan kwata. Ke da kika girma a rumbun giyar Baba kin san sai ta yi mako kafin ta kwanta. Ni kuma gobe ne.

Na ɗauki mabuɗi sau biyu. Ban iya yi wa Baba haka ba.

Ettore

Torino, 28 ga Nuwamba

Yaya Delfina,

An yi. Ta roba nake cin abinci.

Giyar ta kwanta, tar da ita. Ki zo da naman, ki zauna gabana ki sha, ki faɗa min yadda take. In ta lalace, ki yi min ƙarya. Ba zan iya musu ba.

Ƙaninki,
Ettore