Allon Shagon Mama

Baltimore

Desmond,

Bayan gaisuwa, yaya Baba da ciwon ƙafar? Gaisuwar ke nan, ba ƙari.

An turo min hoton shagon abincinmu na Brooklyn. Mama ko shekara ba ta yi a kabari ba, ka sauke allon da ke ɗauke da sunanta, ka kafa wani mai cewa "Wall Street". Ko kunya ba ka ji! Ka san ma'anar sunan kuwa? Titin Ganuwa. Ganuwar katako ce da Turawan Holan suka sa bayi baƙar fata irinmu suka kafa musu. Daga baya a bakin titin nan aka ci kasuwar bayi. Shi za ka rataya a kan soyayyiyar kazar Mama?

Ka mayar da allon, ko ka manta kana da 'yar'uwa.

Yayarki da ka raina,
Loretta

Brooklyn

Yaya Loretta,

Gaisuwa mai yawa, malamar tarihi. Har "yayarki" kika rubuta don fushi, sai da na yi dariya.

Na san ma'anarsa, ba ke kaɗai kika shiga aji ba. Idan kakanninmu ne suka gina ganuwar, me zai hana mu ci abinci da sunan? Ma'aikatan banki sun cika unguwar, suna ganin allon suna shigowa. Ke yaushe rabonki da wanke ko cokali a shagon nan? Ranar jana'iza ma kina cin abinci kika kama jirgin ƙasa.

Allon ba zai sauka ba.

Ƙanenki,
Desmond

Baltimore

Desmond,

Ba gaisuwa. Ni da na riƙa zuwa duk Asabar ina kwana a kujerar asibiti lokacin jinyar Mama za ka yi wa gori? Zan zo in ɗauke hoton Mama daga bangon, ba za ta zauna ƙarƙashin sunan kasuwar bayi ba. Kada ka ajiye min kujera a teburin iyali ranar bikin godiya na bana.

Loretta

Brooklyn

Loretta 'yata,

Ina gaishe ki. Ƙafa da sauƙi.

Ki daina zagin yaron nan, rufa min asiri yake yi. Ni na sa ya sauke allon. Kullum da safe in na zo buɗe ƙofa sai in karanta sunan mahaifiyarku, "Odessa", in tsaya da makulli a hannu, in kasa shiga. Sabon sunan zaɓinsa ne, ni ma ba ya min daɗi.

Ki zo. In faɗa za ki yi, ki yi da ni.

Babanki,
Cleveland Pruitt