Ni Na Shafa wa Itatuwan Nan Jan Fenti

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Taron Sauyin Yanayi da Makamashi na jami'armu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni ne ɗalibin da ya ɗaga hannu sau uku ranar rufe taro, aka ce lokaci ya ƙure. Sau biyu na rubuto ofishinka, shiru. Shi ya sa na fito fili.

Na farko. Malamin da ya duba aikina na kammala digiri ya haska muku hotunan kututture ashirin da tara daga wani ƙauye kusa da Gadaka, ya ce ga yadda talakawa ke cinye daji saboda itacen girki. Ni na ɗauki hotunan. Ba don girki aka sare itatuwan ba.

Na biyu. Bara da rani na je ƙauyen auna kaurin itatuwa. Na shafa wa talatin da huɗu jan fenti don in gane su in na dawo, kuma ban tara mutane na yi musu bayani ba. Ashe a can, ma'aikatan hanya ne ke shafa jan fenti a jikin itacen da gwamnati za ta tumɓuke. Mutane suka ga gara su sare abinsu kafin a kwashe. Da na koma bayan mako shida, biyar kawai na tarar a tsaye.

Cikin waɗanda aka sare har da tsamiyar ƙofar gidan mai masaukina, Baba Gimba, wadda mahaifinsa ya dasa. Da hannunsa ya sare ta. Bai ga laifina ba. Ya shimfiɗa min tabarma a rana, inda inuwa take a da, ya tambaye ni yaushe motocin gwamnati za su iso. Na kasa faɗa masa gaskiya. Har yau ko ƙofar shago na ga ana yi wa fenti a nan Potiskum, sai in tuna da tsamiyar nan.

Na uku. Na sanar da malamina duk wannan kafin taro. Ya ce sara dai sara ne. Yanzu jawabin bayan taronku ya nemi a tura masu gadin daji su hana ƙauyen ɗiban ko busasshen reshe, alhali kananzir sai an wuni a layi a gari, balle ƙauye. Da me matan can za su dafa tuwo?

Ina roƙon a cire hotunan kafin a buga littafin taro, a janye wannan shawara, kuma a haɗa ni da wakilinku mu je mu yi wa mutanen bayani. Na san ina bukatar takardar shaida daga sashen malamin nan kafin in sami aiki. Amma in dole sai an rubuta sunan wanda ya kashe itatuwan, a rubuta nawa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da muƙaminka lafiya.

Wassalam.

Adamu Buba,
Unguwar Bolewa, Potiskum.