'Yata Ta Daina Cin Abincin Rana Don Ta Sayi Waya

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana malamin makaranta. 'Ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara goma sha bakwai, sai Auta mai goma sha biyar. Ba masu kuɗi ba ne mu, amma ba mu taɓa rasa na sawa a baki ba. Tun suna ƙanana muke koya musu cewa mai bin Ubangiji ba ya rayuwa don idon mutane. Kujerun falonmu ma na aurenmu ne, sau biyu ana sake musu yadi.

Wata huɗu ke nan Auta ta fara nacin a saya mata babbar waya irin ta ƙawayenta na ƙungiyar mawaƙan coci. Wai ta nan ake tura waƙoƙi da lokacin gwaji, ita kaɗai ce sai an biyo ta wayata. Na ce babu, na ɗora da wa'azi. Ta daina nacin, na ɗauka ta ji.

Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar waƙa, yarinyar nan ta yanke jiki ta faɗi a gaban jama'a. Da na ɗaga ta sai na ji ta sakayau, siket ɗinta ma da fil ta kama shi. Yayanta ne ya fasa ƙwai: ashe tun ranar da na hana ta, ba ta cin abincin rana a makaranta, kuma a ƙasa take dawowa gida. Kuɗin tana cusawa cikin tsohuwar safa a ƙarƙashin katifa. Anti, ni da nake duba idon marasa lafiya kullum, ban ga tawa tana ramewa ba!

Da ta warware na hau ta da faɗa. Tana kuka ta ce ba ta ɗauki na kowa ba, ba ta roƙi kowa ba, kuma ai ni na ce mai son abu ya daure ya tara. Ta ce kullum amsata babu, amma tana gani ina biya wa 'ya'yan wasu kuɗin magani. 

Babanta ya ce a saya mata kawai a huta. Ni kuma ina tsoron ta koyi cewa da yunwa ake murɗe hannun iyaye. In na hana kuma, ina tsoron wani ƙato ya saya mata, kin dai gane. Kwana biyar ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ya zan yi?

Uwa mai damuwa

'Yar'uwata, sannu da wannan tashin hankali. Fara da jikinta: likita ya duba ta, ba ke ba, ku tabbata yunwar ce kaɗai, kuma a lura da cin abincinta nan gaba.

Tarbiyyarki ba ta faɗi ba. Yarinyar da ta iya hana kanta wata huɗu ba ta miƙa wa kowa hannu ba, ta ji karatunki, har ta wuce gona da iri. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayani. Babu da wa'azi suna isar ɗan shekara bakwai. Mai goma sha biyar tana son dalili. Kuma buƙatarta ba ƙyale-ƙyale ba ce zalla: a bar ka a baya cikin tsararraki ciwo ne na gaske.

Tsoronki ma yana kan hanya, don haka kada a kawo waya gobe kamar ladan suma. Ke za ki fara zuwa ɗakinta, ki ba ta haƙuri kan rashin sauraro. Girmanki ba zai ragu ba. Sannan ku zauna ku huɗu, ku nuna wa yaran inda albashi yake tafiya, da dalilin da ya sa kuke taimakon wasu. Ku ajiye ƙa'ida: kuɗin abinci da na mota ba a taɓa su. Ta samu wata 'yar sana'ar hutu ta ƙara a kan abin da ta tara, ku cika mata, a sayi mai sauƙin kuɗi, da sharuɗɗan amfani da ita. Yayanta kuma ku gode masa, amma ya san irin wannan sirri ba a riƙe shi wata huɗu.

Ki kuma tambayi kanki: kin taɓa bari su ga kina jin daɗin sauƙin rayuwar nan, ko kullum a matsayin doka suke ganin ta? Yaro ba ya gadon abin da ya zame masa horo.

Waya za ta iya jira wata biyu. Shirun da ke tsakaninku kada ya kai gobe. Ubangiji ya ba ta lafiya, ya ba ki hikima, ya dawo da dariya gidanku.