Bangon da Yake Ɗumama Bayan Mama

Doña Flory, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Jakunkunana biyu suna nan a ɗaure a bakin ƙofa tun ranar Lahadi. Ban taɓa zaton zan kai shekara arba'in da uku a duniya in daina gaisawa da mahaifina a kan soket ba, amma ga shi ya faru.

Ni malamar makaranta ce. A Paraíso nake zaune, a Turrialba nake koyarwa, kullum in gangara in hauro, tafiya da dawowa ya kusa kilomita casa'in. Tsohuwar motata ta gama tsotse ni a gidan mai, shi ne a watan Maris na sayi mai lantarki, ta hannu. Wanda ya sayar min, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ce ai kamar wayar hannu take, ki jona a bango ki tafi harkarki. Bai tambaye ni wane irin bango ba, ni ma ban yi wayon tambaya ba.

Kamar kowa a layinmu, da na yi aure ban tafi ko'ina ba, bene aka ɗora min a saman gidan iyayena. Auren ya mutu, benen yana nan. Mita ɗaya muke sha, akwatin wuta ɗaya. Babana, wanda unguwa take kira "don Evelio" saboda girmamawa, shi ya ja wayar gidan nan kaf da hannunsa shekara arba'in da biyar da suka wuce, kuma rabin gidajen unguwa aikinsa ne. Yanzu shekararsa saba'in da takwas. Har yau sukudirebar gwajin wuta tana aljihun rigarsa, ko coci zai je da ita yake zuwa, duk da rabon da wani maƙwabci ya kira shi gyara ya kai shekara biyu.

Soket ɗaya ne a garejinmu, kuma bayan bangon nan ɗakin Mama yake. Da na fara jona motar, sai ɗan makunnin nan na akwatin wuta, wanda yake faɗuwa da kansa idan kaya ya yi wa waya yawa, ya shiga faɗuwa. Baba yana kiran makunnin nan mai gadi. Mama ta kunna tukunyar shinkafa, mai gadi ya faɗi. A ɗora kofi ana guga, ya faɗi. Rana ɗaya sau huɗu na sauko daga bene ina ɗaga shi, shinkafa ta ƙi nuna, mota ta ƙi cika, kowa a gidan yana hararata kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

Sai na kira Yorleny, 'yar maƙwabtanmu da ta yi karatun aikin wuta, tana da takardar shaida, kuma ita kowa yake kira yanzu. Ta zo ranar wata Asabar, ta buɗe soket ɗin, ta leƙa akwati, ta ce wayar siririya ce, babu wayar da ake binnewa a ƙasa, kuma gareji da kicin da ɗakin Mama duk a layi ɗaya suke. Sannan ta zaro wani haɗi da aka naɗe da salatif, ta yi 'yar dariya, ta tambaya wai wane ne ya yi wannan aikin. Baba yana tsaye a bayanta da kofin kofi a hannu. Ya ce, "Ni na yi, 'yar nan. Ranar da aka haifi uwarki ma da fitilar da na haɗa aka ga fuskarta." Yarinya ta rasa inda za ta sa kanta, ta tattara kayanta ta tafi.

Daga ranar ya kafa doka: babu baƙon da zai sa guduma a bangonsa yana raye. Wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wai gidan nan shekara arba'in da biyar ko tartsatsi bai taɓa yi ba sai da na kawo motar 'yan gayu. Ƙanena Minor, wanda ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba, ya shiga zauren wayar danginmu yana rubuta cewa na kawo yarinya ta ci mutuncin tsoho a gidansa. Haba, doña Flory! Ni da nake kai su asibiti, ni da nake hawa rufi in share magudana in damina ta kama, ni ce yau marar kunya?

Bari ki ji inda abin ya ɓaci. Ranar wata Litinin na dawo daga makaranta, Baba ya tare ni a ƙofa yana ta murmushi, ya ce ya gyara. Gaskiya kuwa mai gadi bai sake faɗuwa ba. Mota tana caji, shinkafa tana dahuwa, Mama tana guga, shiru kake ji. Har kunya ta kama ni, na saya masa burodin da yake so na kai masa. Na lura dai ya ɗaure yatsa da tsumma, kuma na tsinci ƙananan kusoshi uku a ƙasan akwatin, ya ce sun zame masa ne bai gan su ba. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan kwana tara na shiga gaida Mama da yamma, na tarar ta sa an tura gadonta ya manne da bango. Mama ciwon baya da gwiwa ya cinye ta, da sandar nan mai ƙafa huɗu take tafiya, daga gado zuwa ƙofa sai ta huta sau biyu. Ta kama hannuna ta ɗora a bangon, tana jin daɗi, ta ce, "Taɓa ki ji, 'yata. Kwanan nan da yamma ɗumi yake yi, bayana har ya saki."

Doña Flory, na fizge hannuna daga bangon. Na fita gareji da gudu. Bakin soket ɗin ya yi launin ƙasa-ƙasa, yana wani ƙarni kamar kifin da ya ƙone. Na buɗe akwati, ashe gyaran da Baba ya yi shi ne ya cire mai gadi mai lamba ashirin ya sa mai lamba arba'in. Na ɗauki hoto na tura wa Yorleny, ta kira ni a take, ta ce wayar cikin bangon tana iya kama wuta kowane lokaci.

Kin san gidajenmu. Kowace taga da ƙarfe, ƙofar gaba da ƙarfe, ƙofar gareji da kwaɗo biyu, makullan kuma suna cikin wata tasa a kicin. Mun kulle kanmu saboda ɓarayi, ba mu taɓa tunanin ranar da za mu nemi fita da sauri ba. In wannan bango ya kama ina makaranta, wa zai fitar da Mama?

Ranar Lahadi, ana cin abinci, dangi duk suna zaune, na faɗa masa a gaban kowa cewa ya kusa gasa matarsa saboda girman kai. Na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa. Ya ajiye cokali, ya ce ɗumin bango rana ce take dukansa, bangon da rana ba ta taɓa gani ba. Ya ce in gidan bai yi min ba, ga hanya, in ɗauki motata. Mai lamba arba'in yana nan har yau, Baba kuma ya sa wa akwatin ƙaramin kwaɗo.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu nakan jona motar awa biyu ko uku in ba a girki, ina taɓa bangon jifa-jifa, don dole in je aiki. Na samu ɗakin haya kusa da makaranta. In na tafi, na bar tsofaffi biyu da wannan waya. In na zauna, zuciya za ta kashe ni. In tafi, ko in kira Yorleny ta fasa kwaɗon ranar da Baba ya je asibiti?

Taki, Malamar da ta ɗaure kaya, Paraíso

*

Malama, kafin ki kai ƙarshen wannan amsa, ajiye jaridar ki je ki zare motar nan daga bango. Ranki ya ɓaci da mahaifinki, ni kuma nawa ya ɓaci da ke. Kin ji ƙarnin ƙuna, kin ga soket ya canza launi, kin lissafa min kwaɗunan gidanku ɗaya bayan ɗaya, sannan kina gaya min awa biyu ko uku kawai. Tafin hannunki ba ma'auni ba ne. Lokacin da za ki ji zafin a waje, cikin bango ya daɗe da yin nisa. Ki yi caji a tashoshin hanya ko ki hau bas, wahalar mako biyu ba ta kashe kowa. A janye gadon Mama yau. Kada a haɗa guga da tukunya a wannan layin. A rataye makullai kusa da kowace ƙofa, ki sayi ƙararrawar hayaƙi ki maƙala a ɗakinta.

A maganar waya, gaskiya tana wajenki ɗari bisa ɗari. Mai gadi daidai ƙarfin waya ake sa shi, aikinsa ya faɗi kafin ita ta yi zafi. In aka sa wanda ya fi ƙarfinta, an sallami mai gadi ke nan an bar ƙofa a buɗe. Kuma mota ba tukunyar shinkafa ba ce da za ta ja wuta minti ashirin ta huta. Awa goma take zuƙa ba numfashi, kuma tsohon haɗi mai salatif ba ya jure wannan.

Abin da motarki take buƙata layinta ne ita kaɗai, daga akwati zuwa gareji, da waya mai kauri, da nata mai gadin, da wayar ƙasa. Da tafiyarki gajera ce, da sabon soket a kan irin wannan layi ya ishe ki da cajar da ta zo da motar. Amma mai kilomita casa'in kullum, cajar bango mai babban ƙarfi ce daidai da ke, bayan an duba ko wutar da take shigowa daga mita za ta ɗauka. In ba za ta ɗauka ba, ki nemi mitar bene daban. Sabon layin kuma ana iya bin da shi ta bututu a jikin bango, ba sai an fasa ko'ina ba. Wuri ɗaya ne tilas a buɗe, inda ya riga ya yi zafi.

Yanzu ga abin da fushi ya hana ki gani, alhali ke kika rubuta min shi. Mutumin da yake zuwa coci da sukudireba, wanda shekara biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, wanda kusoshi uku suka faɗi a gabansa bai gan su ba. An yi wa aikinsa dariya a garejinsa, sannan 'yarsa ta kira shi mai gasa matarsa a gaban dangi. Kina tsammanin bai san abin da ɗumin bangon nan yake nufi ba? Ya sani sarai, ya fi ki sani, shi ya sa ya ɗora wa rana. Kunya da tsoro ne suka sa kwaɗon nan. Ya yi kuskure babba, mai iya cin rai, ba na wanke shi. Amma in kika fasa kwaɗon a bayan idonsa, ranar da kika juya baya zai mayar da abinsa.

Ki kwance jakunkunanki. Ki same shi shi kaɗai, ba Minor, ba dangi, ki ba shi haƙuri a kan yadda kika yi maganar, ba a kan maganar ba. Yorleny ma ta zo ta ba da nata haƙurin, don mai sana'a ba ya dariyar aikin na gaba da shi. Sannan ki ajiye masa takarda da fensir. Gidanku ba shi da taswirar waya sai wadda take cikin kansa, kuma Yorleny ba za ta san inda haɗin yake ba sai ta farfasa rabin bango, shi kuwa da ɗan yatsa zai nuna mata. Ya zama shi ne mai duba aiki, ita ce hannu. Wannan ba lallashi ba ne, da gaske ana buƙatarsa.

Ki kuma tuna masa abu ɗaya. Mai gadin da ya yi ta faɗuwa sau huɗu a rana ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi, kuma shi ya tsare Mama tun daga watan Maris. Wanda ya zaɓe shi shekara arba'in da biyar da suka wuce ya san abin da yake yi. Ki roƙi wancan don Evelio ɗin ya mayar da shi.

In ya ƙi har ƙarshen mako, to ki faɗa masa a fuskarsa cewa Yorleny za ta zo ranar Litinin, kuma Mama za ta koma wani ɗakin har a gama. Fushinsa zai huce, gobara ba ta hucewa. Ki saya wa Mama jakar ruwan zafi ta riƙa sawa a bayanta, don za ta yi kewar bangon nan, kuma ba laifinta ba ne.

Allah ya tsare gidanku, ya sanyaya zukatanku, ya bar muku bangonku da sanyinsa.

Doña Flory