Kan Sarki Huɗu a Hannun Baba

Kalgo, Jihar Kebbi,
Laraba, 9 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga ƙanena Sirajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Mufida da yara, ya kuma ci gaba da rufa muku asiri a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Damina ta yi albarka, ruwa ya kwanta a fadama, shinkafar maigidana Malam ta yi kore shar. 'Yarka Amatullahi ta wurina ta zo mana wankan jego, an sami mace. Baba yana wurina tun da muka ɗauko shi daga Gwandu bayan babbar salla. Yana cin abinci, sai dai kunne ya ƙara nauyi, ido kuma sai abin da ya kai dab da hancinsa yake gani.

Saƙonka ya iso, kuma ka sosa wa tsoho inda yake masa ƙaiƙayi. Kan sarkin nan huɗu da ka sako cikin ambulan, waɗanda aka buga a Ingila don tunawa da Sarauniyarsu bayan ta rasu, ni da farko mata huɗu na ɗauka. Amatullahi ce ta yi mini dariya, ta ce mace ɗaya ce, daga ƙuruciyarta har tsufa. Baba ya kai na farkon kusa da ido, sannan ya yi murmushi ya ce ai ya san yarinyar nan, ya sha goya ta a keke daga Birnin Kebbi zuwa Gwandu lokacin yana masinjan gidan waya.

Tun ranar nan rabinsa ne kawai ke tare da mu. Bayan la'asar sai ya zauna gindin darbejiya ya jera su a tafin hannu, ya hau kekensa ba tare da ya motsa ba. Yakan ce ga shi nan ya kusa Kambaza, jakar wasiƙu a bayansa, masu tallan nono sun ji ƙararrawa sun sauke ƙwarya suna jiransa. Yakan ce gero ya rufe hanya har ba a ganin kansa, sai ƙarar keken ke tafiya ita kaɗai. Ya ce bai taɓa ganin mai haƙurin matar nan ba, kullum ana buga mata hatimi a fuska ba ta taɓa ɓata rai ba, shi ya sa Allah ya ba ta shekara saba'in a kan karaga. In na saurare shi har ni ma nakan ji kamar ina zaune a bayan keken.

Na ɗauko masa gwangwanin da yake tara tsofaffin kan sarki don a adana su, ya ƙi. Ya ce wanda ba a buga wa hatimi ba matafiyi ne da bai tashi ba, kulle shi zalunci ne. Ya ce a ba shi takarda da biro zai rubuta maka, tunda shekara goma sha ɗaya bai sa ka a ido ba, muryarka a waya kuma kamar kukan sauro take zo masa. Na miƙa masa biron da ke kan taga. Sirajo, ashe biron ya bushe. Tun layin farko na lura, amma na ga yadda hannunsa ke tafiya, kai a sama, leɓe na motsi, sai na bar shi ya ci gaba. Ya cika takardar ciki da baya, na ninke masa, ya lashi kan sarkin mai ƙuruciyar ya manna, ya danna da babban yatsa kamar yadda ya saba.

Washegari na kai gidan waya a Birnin Kebbi. Ma'aikacin ya juya ambulan ɗin, ya gaya mini cikin ladabi cewa wannan kan sarki daga can zuwa nan kaɗai yake aiki, daga nan ba ya kai wasiƙa ko'ina. Na dawo na ce wa Baba ta tafi, Allah ya yafe mini. Shi kuwa ya yanke cewa kwana goma sha biyu ne zuwa, goma sha biyu dawowa, kuma kowace safiya sai ya tambaye ni yau nawa. Yau tara, kuma duk taran na yi su ina rasa yadda zan aika maka farar takarda. Tsoro nake ji, ƙanena, domin jikin nan nasa kullum raguwa yake, kuma jiran nan ne nake gani yana riƙe da shi.

Alhaji Lukuman maƙwabcinmu zai taso garinku jibi, shi zai kawo maka wannan, da ta Baba a cikinta. Na san ka da son jiki wajen rubutu tun kana makarantar allo, to wannan karon ban yarda ka kira waya ka ce an gama ba. Ka gaida Mufida, ka shafa mini kan Muzzammil da Ummulkhairi. Malam da Inna Hajara ta Gwandu suna gaishe ku.

In ka buɗe ta Baba, ka karkata ta ga hasken rana, za ka ga sawun biron. Kafin in ninke na duba, ban iya karanta komai ba sai sunanka a wuri uku, da kalma ɗaya can ƙasa: yaushe. Ka amsa masa da hannunka, da manyan haruffa, kuma ka sa rana.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Kulu.